Tartsatsi da Ƙashin Motar Kawu

Cewa ake yi wai Tartsatsi ta saci layin dogo, ta yanka shi biyu, ta liƙa a ƙarƙashin mota, shi ya sa idan motar ta doso, duwatsun hanya ke mirginawa gefe suna ba ta haƙuri. Wani mai faci ma ya rantse ya ga dutse ya durƙusa. To, ƙarya ce. Ni taubashinta ne, ɗan gwaggonta, kuma duk ƙaryar da za a yi a kanta ni ke da haƙƙin yi, ba bare ba. Fallen ƙarfe ne mai kaurin yatsa, kuma saye ta yi. Dutsen kuma bai durƙusa ba, ɗan sunkuyawa kawai ya yi.

A rumfar waldar mahaifinta, Kawu, ta tashi. Tun tana ƙarama ba ta da riga mai lafiya, kowace tartsatsin walda ya yi mata huji-huji kamar rariya, daga nan sunan ya bi ta. Gajeriya ce, amma idan ta yi magana ko giranda mai yankan ƙarfe sai ta yi shiru ta saurara. Da Kawu ya rasu, abu uku ta gada: injin walda, taurin kai, da tsohuwar motar shiga daji mai ja da ƙafa huɗu.

Motar nan ita ce igiyar da ta ɗaure Inna, mahaifiyarta, da duniya. Gidan Inna yana can bisa tudu, bayan wata hanya da in ka kira ta hanya ka yi mata kara. Duwatsu ne tsibi-tsibi, da kwazazzabo a tsakiya. Ba motar da ke hawa sai wannan, ita ke sauko da Inna asibiti duba hawan jini, ita ke mayar da ita wurin awakinta da itatuwan da suka dasa da Kawu.

Rannan motar ta faɗa kan wani dutse, aka ji ƙas! Shasi ya tsage, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk gangar jikin mota ke zaune a kai. Kafin la'asar Yaya Babba, wan Tartsatsi, ya iso rumfa yana kaɗa makulli.

"Shi ke nan, Allah ya raba," in ji shi. "A kira masu gwangwan su ɗauka. Inna kuma ta dawo gidana, na gyara mata ɗaki a bene."

"Ka tambaye ta?"

"Me zan tambaya? In ciwo ya tashi, a bayanki za ki goyo ta?"

Tartsatsi ta san ɗakin. Taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabta. Ta kuma san abin da Inna ta faɗa mata a kunne, cewa ranar da aka hau da ita benen nan, a fara yi mata addu'a.

"Yaya, motar ba ta mutu ba, karaya ta yi," ta ce. "Kai da ka karye a ƙwallo, masu gwangwan muka kira?"

Ta ɗaga mota a jak, ta shige ƙarƙashi. Ni aka ba riƙon fitila, aikin da na yi da gwaninta daga kan benci. Fushi ne ya riƙe mata hannu. Ta yanko ƙarfe mai kusurwa huɗu, ta manna a kan tsagar, ta bi shi da walda ta ko'ina, sama da ƙasa, ba ta bar ko ƙofar iska ba. Wurin ya yi ƙarfin da ko giwa ta zauna sai dai giwar ta ji ciwo.

Gwajin farko, a gaban Yaya Babba, ko kwazazzabon ba a kai ba aka sake jin ƙas! Facin na nan daram. Shasin ne ya tsage daidai bakinsa, a miƙe, kamar an ja layi.

Yaya bai yi dariya ba, abin da ya fi dariya ciwo ya yi. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Kin yi ƙoƙari, ƙanwata."

Ta ture hannun. Ta kwanta a ƙasa cikin ƙura tana kallon tsagar har na zaci barci ya ɗauke ta. Ashe lissafi take. Shasi ba ginshiƙin ɗaki ba ne, a kan duwatsu murɗawa yake yana dawowa. Ita kuwa ta sandarar da wuri ɗaya, duk wahalar ta taru a bakin facin.

"Ni na karya shi, ba dutse ba," ta ce. "Kuma ni zan ɗora."

Ta kankare aikinta kaf. Ta huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Ta yanko dogayen ƙarafa, ta fiƙe bakinsu kamar kifi, yadda nauyi zai bi a hankali. Walda kuma ɗinki-ɗinki, nan kaɗan, can kaɗan, tana bari ya huce. Ta yi wa ɗaya ɓangaren ma, ta ƙara fallen ƙarfe a ƙarƙashin cikin motar, ta shafe da fenti. Maƙwabta na cewa a haƙura, tana ƙara wuta.

Ranar asibiti Yaya ya ce shi ma zai hau ya gani da idonsa. Tartsatsi ta sauko da Inna, aka duba ta, muka juyo tare. A bakin kwazazzabo ni dai na sauka, don in duba musu hanya, kada wani ya ce tsoro ne. Motar ta shiga, ta murɗe, taya ɗaya a sama tana gaida jama'a, cikinta ya daki dutse har haƙorana suka amsa. Ta fito. Tartsatsi ta leƙa ƙarƙashi, ta ce Yaya ya leƙa. Fenti kawai ya kuje.

A ƙofar gida Inna ta sauka, ta ce, "Babba, ɗakin benen nan ka zuba kaya a ciki." Ya sosa ƙeya.

Na iso ina haki, na ce, "Ke Tartsatsi, yanzu wannan mota ce ko gada? Da nauyin nan, kunkuru ma sai ya yi miki ham ya wuce."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Tsohuwa mai hawan jini ta zauna, kai ƙato ka dire. Kwanta, akwai sauran ƙarfe, in ɗora maka a gadon baya ko ka daina tsoro. Sai dai ban ga inda walda za ta kama ba, duk tsatsa ce."