Hular Wayoyi a Kan Baba

Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, Hausa ta fita daga bakinsa, Turanci ma ya bi ta. Abin da ya rage masa sai yaren garinmu, wanda ni da ƙanena ba mu ji. Shi ne ya so haka. Tsohon hedimasta ne, ya tarbiyyantar da mu a Kafanchan da dokar makaranta: Turanci a falo, Hausa a waje da coci, yare kuwa bulala. Mama ce kaɗai ke yi masa yaren a ɗaki, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Don haka idan ya yi magana sai mu ce sambatu ne. Ni ce ma na fi kowa faɗa, ga ni malamar makaranta, bakina bai san gajiya ba. A wajenmu, in an zo gaida mara lafiya, a gefen gadonsa ake zama a yi hira. Matan zumunta su zo bayan sujada, su yi waƙa da addu'a, sannan su tambaye ni yaya jiki. Sai in ce, "Ai Baba ya tafi, gangar jiki ce kawai." A gefen gadon nan na yi faɗa da ƙanena a waya, don ya ce ɗakinsa na Sabon Tasha ba zai ɗauki mara lafiya ba. Na ce ni ma na gaji da wankin zanen gado, warin ya kori baƙi daga gidana.

Wata rana likitansa ya ce akwai masu bincike daga jami'a da ke nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe harsuna bayan irin wannan ciwo. Na yarda su zo, a raina ina cewa aƙalla za su tabbatar wa ƙanena abin da nake faɗa.

Shugabarsu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, 'yar wajen Madakiya, tana jin yarenmu. Ta ɗora hoton ƙwaƙwalwar Baba da aka ɗauka a asibiti a jikin taga, ta nuna mini tabon. Ta durƙusa ta gaishe shi da yare, ta yi masa bayani, ya gyaɗa kai. Sannan suka shafa masa wani mai a ka, suka sa masa hula mai wayoyi kamar saƙar gizo, suka haɗa da kwamfuta. Baban da ko tabarau ba ya yarda a taɓa masa, ya bar su suka yi aikinsu.

Suka sa masa abin ji a kunne. Murya na karanta jimloli da yare, sannan da Hausa, wasu daidai, wasu da gangan aka ɓata, irin su "Akuya ta karanta jarida." Shugabar ta ce idan mutum na fahimta, ƙwaƙwalwarsa na zabura a kan kalmar da ba ta dace ba, kwamfuta kuma ta tara ta nuna. Bayan sun gama ta kira ni. A allon akwai zanen kai guda biyu, kowanne da wani wuri da ya yi shuɗi.

"Anti, kin gani? Wannan yare ne. Wannan kuma Hausa. Kusan iri ɗaya."

Na ce ban gane ba. Na gane sarai.

"Yana ji, Anti. Bakin ne ba ya fitar da ita. Amma Hausa, yana ji."

Na kalli kujerar da nake zama in yi waya. Tsakaninta da gadon bai kai tsawon hannu ba. Kunya ta rufe ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Baba ya kira shugabar. Ya yi magana a hankali, ɓarin bakinsa na ja, irin maganar da na sha juya wa baya ina cewa ya fara sambatu. Ta saurara, ta sunkuyar da kai, ba ta so ta fassara. Na ce ta faɗa, ko zagi ne na ci.

"Ya ce zanen gado, ki dinga jiƙa shi da ruwan zafi tukuna, haka Mama ke yi, warin zai fita. Ya ce kin gaji, ya sani."

Na durƙusa a gaban gadon. Na buɗe baki in ba shi haƙuri da yarensa, sai na tarar ko gaisuwar safe ban iya ba. Ya dube ni, hular tana kansa, ya ƙara wata magana.

Ta ce, "Ya ce ki yi da Hausa. Shi ne ya hana ki ɗayan."