Datsiyar da Na Gina a Gabashin Kalfu

Ko da zan manta komi na aikin gona da na yi a ƙasar Adar, ba zan manta da ranar da wani dattijo ya ja ni zuwa garinsu ba.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai aka turo ni Tawa daga Damagaram a matsayin malamin gona. Damina ta soma gajarta, sai na shawo kan mutanen wani ƙauye gabas da Kalfu muka datse ƙoramarsu da duwatsu. Ruwa ya kwanta, dawa ta yi kyau, da rani suka dasa albasa. A bariki aka yi ta yabona, ni kuwa ban taɓa tambayar inda ƙoramar ke nufa ba.

A rani na biyu maigarin wani ƙauye da ke ƙasa da mu ya same ni bakin datsiyar. Bai yi faɗa ba, roƙona ya yi in raka shi gida. Muka bi cikin ƙoramar da ƙafa har azahar. Ya nuna mini rijiyoyin da suke haƙawa cikin rairayi, duk sun ƙafe. Gidaje da dama an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu.

Muka zauna a zaurensa.

"Malam, ka gafarce mu, babu ruwan baƙo," in ji shi. "Mata sun tafi nema tun da safe, ba su komo ba. Ruwan da kunka tare, shi muka sha tun kakanninmu."

Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Wata guda na yi ina kai da kawowa, don mutanen ƙauyen sama sun ce datsiyar guminsu ce, kuma ni na sa su gina ta. Daga ƙarshe dattawan garuruwan biyu suka yarda a buɗe ƙofa a tsakiyar datsiyar, ruwan farko ya wuce, na baya a tare. Da hannuna na cire dutsen farko. Rijiyoyin suka dawo, amma cikin waɗanda suka tashi kaɗan ne suka komo.

Tun ranar na koyi cewa kafin in taɓa ruwa, sai na bi shi da ƙafa na ga mai sha na ƙarshe.