Na'urar da Muka Bayar Kiwo a Yamai

Jiya Kawu Illiyasu ya leƙo ɗan gidan rediyon ƙauyenmu, nan gefen Keita, ya tsaya yana kallon teburin da ke kwana wayam.

"Ina akwatin nan mai gurnani, wanda muryar babanka ke ciki?"

Sarba yake nufi, na'urar da muke adana tsofaffin hirarraki, har da ta marigayi Baba kan tarihin garin. Na ce masa zafi da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, sun kusa kashe ta, sai muka kai ta Yamai, wani gida da ke ba na'urorin mutane masauki. Su ke ba da kuran da sanyi da rezon intanet, amma na'urar tamu ce. Kolokasiyon ake kiran abin.

Ya ce, "Ashe kiwo kuka bayar. Garken babba ne?"

"Babba ne, Kawu. Jere suke cikin kabad na ƙarfe."

"To ka yi mata shaida? Ko akuya ba a kai wa makiyayi sai an tsaga mata kunne."

Na yi dariya, amma yana fita na kira teknisiyan na can. Ya ce uku ne iri ɗaya a kabad ɗin, sai ya bi wayoyin jikinsu kafin ya gane tamu. Nan take na roƙe shi ya yi mata shaida. Yau da safe ya turo hoto, ya manna mata sunanmu gaba da baya.

Da na nuna wa Kawu, sai ya ce, "Saura leƙawa. Makiyayi ya fi kula da dabbar da yake ganin mai ita."

Ku masu aikin nan, yaushe rabonku da leƙa taku?