Ɗaurin Bahago

Bahago ake ce wa mahaifina, kuma ko a ofishin lauyar da ya yi wa aiki shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Da hagu yake riƙe sifana, da hagu yake nuna wa baƙo hanya, da ita kuma yake jan kunnena ina ƙarama. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, amma idan ya kwanta ƙarƙashin babbar mota minti goma, zai fito ya faɗi abin da ke damunta, har da wanda direba ya ɓoye wa mai ita.

Shekara talatin ya yi yana gyaran birkin manyan motoci, shi da ƙaninsa, a gareji ɗaya. Auta ake ce wa ƙanin nan, ni kuwa Baffa nake ce masa. Iyayensu sun rasu Baffa yana ɗan shekara shida, sai Baba ya zame masa uwa da uba. Shi ya raine shi, shi ya koya masa sana'a, shi ya yi masa aure. Baffa kan ce nono ne kaɗai Yaya bai ba shi ba, Baba kuma ya ce da ya san haka zai girma da surutu, da tun yana yaro ya ba da shi kyauta. Kullum a kwano ɗaya suke cin abincin rana, suna ci suna gardama.

Wata tanka ce ta raba Baba da gareji. Ta ƙwace wa direbanta a gangaren da ke bakin titinsu, ta bi ta kan ƙafarsa ta dama yana tsaye yana wanke hannu. Kwanansa uku a asibiti wasu mutum biyu masu tsabtar kaya suka zo daga kamfanin tankar, suka yi masa sannu da murya mai laushi, suka miƙo takarda, wai don a samu a biya kuɗin magani. Ya dangwala yatsa ya yi musu godiya. Har yau idan na tuna godiyar nan raina ɓaci yake yi, domin abin da takardar ta ce shi ne ba shi da sauran magana da kamfanin har abada.

Ƙafar ta warke a karkace. Bayan shekara guda wani ya kai shi wajen Lauya, wata mace mai ƙaramin jiki da ke karɓar ƙarar waɗanda manyan motoci suka raunata. Ofishinta a saman bene yake, matakala ashirin da biyu, kuma na sha gaya mata cewa mai jiran masu karaya bai kamata ya zauna a sama ba. Ta karanta takardar sau biyu, ta cire tabarau, ta ce masa an makara. Ya miƙe zai tafi ke nan idonsa ya faɗa kan wani hoto a teburinta, hoton titi da zanen taya a kwalta. Ya ce mata motar da ta bar wannan zane ba ta da birki a tayoyin baya na hagu, tunda gefe ɗaya kawai ya ja. Ta dube shi, ta dubi hoton, ta ce ya koma ya zauna.

Aikinsa iri biyu ne. Yakan je inda aka yi hatsari da tef ɗin awo, ya auna, sannan ya bi motar har filin da 'yan sanda ke ajiye ta, ya rarrafa ƙarƙashinta ya ɗauki hotuna da wayarsa. Na biyun kuwa ba wanda ya sa shi. Duk safiya sai ya leƙa ɗakin masu karaya a asibiti, ya bi gado gado yana gaya wa mutane kada su sa hannu a kowace takarda sai wani nasu ya karanta musu. Nas-nas suka raɗa masa suna Kar-ka-sa-hannu, suna ganinsa suke dariya, amma su da kansu suke nuna masa gadon sabon zuwa. Ba ya yi wa kowa dogon bayani. Ƙafar wandonsa kawai yake ɗagawa.

A shekararsa ta takwas a wannan aiki aka kawo maganar wani kafinta. Yana kan babur a mararrabar da ke ƙasan gangara, tirela ɗauke da siminti ta sauko ba ta tsaya ba. Aka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Kamfanin ya ce shi ya faɗo titi, har da takardar da ke nuna an duba motar a makon nan kuma lafiyarta lau. Ba wanda ya yarda ya ba da shaida. Idan ba a samu wata hujja ba, Kafinta zai koma gida da hannu ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma a ce laifinsa ne. Lauya ta tura Baba filin 'yan sanda, ta ce ya hanzarta, domin jibi kamfanin zai janye motarsa.

Tun rasuwar mahaifiyarmu ni nake kula da shi, saboda haka ina gida ya dawo da la'asar. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba, filaya a hannunsa yana ta jujjuya ta. Na kawo ruwa bai sha ba. Sai da na tambaya sau uku sannan ya yi mini bayani.

Birkin tirela da iska yake aiki. Idan tiyon da ke kai iska ga wata taya ya fara yoyo a hanya, makaniki kan lanƙwasa shi ya ɗaure da wayar ƙarfe, iskar ta daina fita, amma wannan tayar ba ta da birki ke nan. Dabara ce ta a lallaɓa mota zuwa gareji, ba kaya a kanta, a hankali. Baba ya tarar da tiyo biyu a ɗaure a motar simintin nan. Wayar murɗi uku ce zuwa hagu, an tura bakinta ciki don kada ta yanki hannun mai kwancewa. Haka yake ɗauri saboda shi bahago ne. Mutum ɗaya kuma ya koya a hannunsa tun yana yaro, har ya saba murɗawa hagu alhali shi da dama yake aiki.

Ba zan yi wa kaina ado ba, ni ce na ce ya koma ya yanke wayar.

Na ce, “Baba, wa ya gani?”

Ya ce, “Ni.”

“To bayan kai fa?”

Na gaya masa kamfanin yana da lauyoyi, kuma daga ƙarshe a kan Baffa za su juye komai. Ya ce ya sani. Ya ce ai har ya ɗora bakin filayar a kan wayar, ya daɗe a kwance a haka, sai ya tuna hannun rigar Kafinta da matarsa ta naɗe ta maƙale da fil. Ya fito bai yanke ba, bai kuma ɗauki hoto ba. Na yi fushi da shi ranar, na ce wani bare ya fi masa ɗan'uwansa.

Washegari ya koma ya ɗauki hotunan, daga can ya ce in kai shi gareji. Baffa ya tare mu da fara'a, ya jawo masa benci, yana tsokanarsa wai manyan lauyoyi sun tuna da talakawa. Baba ya miƙa masa wayarsa ta hannu. Baffa ya dubi hoton, fara'ar ta tafi. Ya ce manajan kamfanin ne ya matsa, wai dole kaya su tashi ranar, sabon tiyo sai mota ta dawo. Ya rantse ya gaya musu kada a ɗora mata kaya. Baba ya tambaya ko ya rubuta hakan a wani wuri, ya ce a'a, yaushe aka fara rubutu a gareji.

Baffa ya ce, “Yaya, kai fa ka koya mini ɗaurin nan.”

Baba ya ce, “Ni na koya maka. Idan ba a tambaye ni ba, ba zan ambaci sunanka ba. Idan an tambaye ni, Auta, ba zan yi ƙarya ba.”

Ya gaya wa Lauya komai a ranar. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta maganar ta tsaya a kan kamfani, tunda shi ya fitar da mota a haka, amma ba ta yi masa alkawari ba.

Na je kotu ranar da ya ba da shaida. Kafinta yana zaune a gaba, matarsa a gefensa ta dama, inda babu hannun. Lauyan kamfanin mutum ne mai natsuwa, kuma ya yi aikinsa da kyau, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya sa aka ɗaga hoton, ya nuna murɗin wayar, ya ce hagu ta yi. Sannan ya miƙa wa Baba biro ya ce ya riƙe. Baba ya karɓa da hagu. Lauyan ya juya ga alƙali ya ce ga mutumin da ya shiga ƙarƙashin motar shi kaɗai har sau biyu, tsohon makaniki, bahago, mai tsohon haushin kamfanonin mota. Wa zai ce ba shi ya ɗaura wayar bayan hatsari ba?

Na ga Lauya ta runtse ido. Idan aka yarda da wannan, ƙarar Kafinta ta mutu a nan. Alƙali ya tambayi Baba ko ya san wani da ke irin wannan ɗauri ban da shi.

Baba ya ajiye biron. Ya ce, “Akwai, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya ne. Ƙanina ne, shi ke gyara wa kamfanin birki.”

Aka kira Baffa bayan mako biyu. Ya amsa cewa shi ya ɗaura, ya ce ya gargaɗi manaja, manaja ya ce bai taɓa jin wannan magana ba. Kotu ta ɗora wa kamfanin alhaki, ta sa ya biya Kafinta diyya. Da ita ya buɗe shagon sayar da katako, yana nan har yanzu. Baffa kuwa kamfanin ya janye aikinsa daga hannunsa, sauran kamfanoni suka bi sahu, cikin wata shida garejin ya rufe. Mutumin da ya yi shekara arba'in da nasa wurin ya koma aiki a ƙarƙashin wani a bakin gari, inda tireloli ke kwana.

Daga ranar bai sake taka gidanmu ba. Baba bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa ya kyauta ba. Ya ci gaba da hawa matakalar nan ashirin da biyu, ya ci gaba da zagaya gadajen asibiti, sai dai ya daina cin abincin rana, wai ba ya jin yunwa. Ranar ɗaya ga kowane wata yakan sa in kai shi bakin gari. Ya sauka, ya ja ƙafarsa har gaban motar da Baffa ke aiki a kanta, ya yi sallama. Baffa da ya hango shi sai ya shige ƙarƙashin motar. Baba ya tsaya yana kallon ƙafafunsa biyu da suka leƙo, ya tambayi lafiyar iyali, ya jira kaɗan, sannan ya ce, “To, sai wani watan.” Ina cikin mota ina cizon leɓe, wani lokaci haushin Baffa nake ji, wani lokaci haushin Baba. Shekara uku muna wannan zirga-zirga.

Baba ya rasu ranar ashirin da bakwai ga wata, bayan jinyar kwana biyar. Lauya ta zo ta'aziyya, Kafinta ya zo, har nas-nas biyu suka zo daga ɗakin masu karaya. Baffa ya tsaya can bayan mutane, ya tafi ba mu gaisa ba.

Ranar ɗaya ga wata da hantsi na ji sallama. Baffa ne, da kayan aikinsa a jiki, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ƙi shiga ɗaki, ya zauna a bakin ƙofa inda Baba ke zama. Na yi niyyar gaya masa maganganu da yawa, shekara uku ina tara su, amma da na ga yadda ya rame sai na rasa ta farko. Ya tambaya ko filayar Yaya tana nan. Na ɗauko na ba shi. Ya riƙe ta yana duban inda hannun Baba ya cinye roban jikinta.

Ya ce, “Yau na tashi da wuri na je wurin aiki, na zauna a benci ina kallon titi. Wannan watan na yi niyyar fitowa daga ƙarƙashin motar.”

Na kawo masa ruwa. Ya karɓa ya ajiye a gefe, bai sha ba.