Ranar da Na Ga Ciwona da Idona

Shekarun baya, ba ma da yawa ba, ina zaune a gidan suna nan unguwarmu a Haɗeja, kwanon waina a hannuna, sai na ji wani ƙaiƙayi a gabana wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na gyara zama, na sake gyarawa. Lokacin watana huɗu da aure, mata sai tsokanata suke wai amarya ta kasa zama wuri ɗaya. Da na koma gida na duba, sai ga wani farin abu guda-guda kamar awarar da ta dagargaje, ga raɗaɗi in na yi fitsari.

Gwaggona na fara gaya wa, don ita ta yi min gyaran jiki na aure. Danginmu asalinsu Barno ne, ba a wasa da ƙamshi. Ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan. Ki tashi tsaye, in ya daɗe har mahaifa yake ci, mace ta ƙare ba haihuwa."

Wannan maganar ce ta zauna min a ƙirji. Na shiga tsarki da ruwan bagaruwa mai zafi safe da yamma, na bi da miski, na yi turaren tsugunno, har ciki nake wankewa da sabulu mai ƙamshi. Na je kemis aka ba ni kafso. Sai ya lafa sati biyu, ya dawo ya fi na da. In ya dawo sai in ce tsaftar ce ba ta isa ba, in ƙara. Kuma da yake gidan surukai nake, kunya ba ta bari in shanya ɗan kamfai a igiyar tsakar gida. Bayan ƙofa nake rataye shi. Damina ta zo, kogi ya cika, ko'ina danshi, da lemarsa nake mayar da shi jikina.

Sau biyar ya dawo kafin shekara ta zagayo. Duk wata in na ga al'ada sai in ce shi ke nan, ya gama cinye ni. Na daina zuwa suna. Ranar da maigidana ya same ni ina kuka a kan sallaya, bai tsaya dogon bincike ba, ya tsayar da keke-napep ya ce gwaggo ta raka ni asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta ce in lissafa duk abin da nake yi. Ina lissafi tana rubutu, har ta ajiye biron.

"Ƙanwata, wannan ai ba tsarki ba ne, shirin biki ne kullum."

Gwaggo ta gyara mayafi. "Likita, mu da haka muka tashi, kuma 'ya'ya tara na haifa."

"Allah ya raya, Hajiya. Turarenku a sa a tufafi da ɗaki, ni ma ina so. Amma can ciki a bar shi."

Ta duba ni, ta ɗebi farin abin da ɗan tsinke mai auduga. Ta sa a gwada min suga da jini da ciki, ta ce in abu yana yawan dawowa dole a duba ko akwai abin da ke tura shi. Sannan ta ce, "Kin yi sakandare ko? Zo ki ga abin da ya hana ki barci."

Ta kai ni ɗakin gwaji, na kanga idona a madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda ban taɓa gani ba sai a hoton littafin makaranta. Da farko haske kawai. Can sai ga su. Ƙanana, zagaye kamar ƙwan kifi, wasu da 'ya'ya manne a gefensu, wasu sun miƙe dogwaye kamar saiwar ciyawar fadama. A ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Na daɗe ban ɗago ba. Bakina sai subhanallahi yake.

Ta ce dangin yis ne, irin wanda ake kwaɓa fanke da shi. Yana jikin mata da yawa, bai dame su ba, don Allah ya sanya wasu ƙwayoyi masu amfani a wurin suna tsare shi. Kafso da sabulu da ruwan zafi su suke kashe masu tsaron, danshi kuma ya ba shi wurin yaɗuwa. Wato duk ƙoƙarin nan da nake yi, gona nake share masa.

Har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi. Shekara guda ina yaƙi da halittun da aka ajiye don su kare ni, ban ma san da zamansu ba.

Muka zauna a benci jiran sakamako. Gwaggo tana jan carbi. Ana kiran sallar la'asar aka kira ni. Likita ta ce ba suga, jini lafiya, ba ciki, don haka zan iya shan maganin: ƙwaya ɗaya duk bayan kwana uku har sau uku, sannan ɗaya duk sati na wata shida. Tsarki da ruwa zalla, a waje kawai. Kamfai na auduga, a shanya a rana.

Ta gama, ban tashi ba. Da ƙyar na ce, "Likita, mahaifata fa?"

Ta dube ni sosai. "Wannan ba ya zuwa mahaifa, kuma ba ya hana haihuwa. Ban ga abin da ya lalace a jikinki ba."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake, a hankali. Gwaggo ta dafa kafaɗata, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Igiyar bayan ɗakina rana na dukanta sosai. Ki dinga kawowa."