Tsinken Tsintsiya da Sunayen Mutanen Falanko

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ni ne mai buga takardu a biro, wato ofishi, na wani porje, shirin tallafa wa noma, a Tanut. Muna da ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya tal, kuma don an tura ni Yamai na yi sati biyu ina koyonta, kaina ya yi girman da ƙofar biro ba ta isarsa. Na zuba sunayen manoman Falanko da za a ba irin hatsi a cikinta, na kwashi takardun ainihi na ba mai ƙosan bakin hanya ta yi ƙunshi. A ganina zamanin takarda ya wuce.

Sai ekaran ɗin, wato gilashin da rubutu ke fitowa, ya ƙone. Aka aiko da wani daga Damagaram, tare da wani ɗan faifai da ake cusawa cikin injin don su haɗu. Na cusa, na kunna. Injin ya yi kuka uku, gilashi baƙi ƙirin. A ranar kuma ruwan farko ya sauka. Kamiyo, babbar motar kaya, na tsaye da buhunan iri, mutanen nan sun cinye nasu tun bara, kuma ba wanda ya san wa za a ba.

Shef, shugaban porjen, ya ce, "To kawo takardun mana." Sai na tuna da mai ƙosai. Na ce suna nan, a hannun jama'a.

Direbanmu ne ya ɗauko wani tsoho mai gyaran rediyo a kasuwa. Na ji haushi ƙwarai. Mutumin da bai taɓa ganin ordinatar ba, ko boko bai yi ba?

Ya zauna a ƙasa ya ce, "Ɗana, kunna in ji." Ya kasa kunne. "Ɗaya dogo, biyu gajeru. Wannan ba kukan mutuwa ba ne, ƙorafi ne. Me ka sake mata?"

"Gilashi kawai, Baba, da faifansa."

"Ka gaya mata ka sake?"

Ban ma san ana gaya mata ba. A Yamai ba mu kai nan ba.

Ya sa na kashe, na buɗe murfin. Ya daɗe yana kallo bai taɓa kome ba, har ya hango wasu 'yan maɓallai a jere, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce a kawo ƙasa a faranti, ya zana yadda kowane ke kwance, don kada mu ɓata hanyar komawa. Sannan ya karyo tsinken tsintsiya. Ya tura ɗaya, in kunna, ba kome, in kashe, ya maido shi yadda yake. Haka muka yi ta yi, zufa na ɗiga daga haɓata, shi ko gezau.

Da ya tura na biyar, kukan ya zama ɗaya. Gilashin ya yi haske. Na buga abin da aka koya mini, sai ga sunaye suna gangarowa, gida bayan gida, ba wanda ya ɓace. Shef da ba ya cire hula sai ga ta a hannunsa.

Har yau in abu ya lalace mini, tambayar tsohon nan nake fara yi wa kaina, kuma ba na taɓa kome sai na zana hanyar komawa. Na ga masu digiri da yawa bayan haka, amma ban sake jin mamakin da na ji a gaban farantin ƙasar nan ba.

Da aka tambaye shi ladansa, cewa ya yi in sa sunansa a gilashin ya gani. Na buga a ƙasan jerin. Ya matso ya dube shi tsawon lokaci, yana murmushi.

Sannan ya ce, "Madalla. To goge shi, ɗana. Ni ba ni da gona, kada a ba ni irin wani."