Hannun da Na Kasa Ƙi

Sharaɗin Baba ɗaya ne. In na ci wasan ƙarshe a Kura, zan tafi gasar mata ta ces, wato darar Turawa, a Kano. In ban ci ba, in ajiye allon, in koma taya shi tsinkar tumatir a Kadawa bayan an tashi makaranta. Baba ba ya magana biyu, shi ya sa tun muna cikin mota daga Bunkure nake ta juya maganarsa a raina.

Sai aka haɗa ni da wata malamar makaranta, sa'ar Innata, mai tabarau. Shekarata sha shida. Na durƙusa na gaishe ta kafin in zauna, har alƙalin wasa ya yi dariya. Ni kuwa tsoro nake ji, tsoro na gaske. Saura kaɗan in ture agogon wasan, gumi ya jiƙa min hijabi. Ban yarda na kalli idonta ba ko sau ɗaya.

Can wajen la'asar na cinye mata doki. Na duba, na sake dubawa, na ga sarkinta ba shi da mafita nan da taku huɗu. Maimakon murna sai gabana ya ƙara faɗuwa. Yaya za a yi in kayar da babba a bainar jama'a?

Ta cire tabarau, ta miƙo min hannu ta saman allon.

"'Yata, mu tashi canjaras."

Na san doka sarai, ina da damar in ce a'a. Amma a gidanmu babba ba ya miƙo hannu yaro ya bar shi a iska. Kafin bakina ya buɗe, hannuwana biyu sun riga sun kama nata. Alƙali ya rubuta rabin maki. Da yake dama ta fi ni maki, ita ta wuce Kano.

Da na koma, na tarar da Baba a bakin magudanar ruwa yana ban ruwa, taɓo har gwiwa. Na ba shi labarin duka, har da taku huɗun.

Ya dogara da shebur, ya dube ni.

"Kin yi daidai. Allah ya yi miki albarka, kin fitar da ni kunya."

Har na fara sakin numfashi.

"Amma ba ki ci ba," in ji shi. "Kwandon tumatir yana cikin rumfa."